Kana son mastas a bayostatistiks? Ga abin da za ka fara yi tun kana Samaru

Duk shekara in lokacin furojek ya kama, shagunan kwamfuta na Samaru cika suke maƙil da 'yan ajin ƙarshe, kowa ɗauke da damin takardun tambayoyi yana neman wanda zai yi masa analisis. A yi ciniki, a zuba amsoshi a manhajar ƙididdiga ta SPSS, a danna nan a danna can, tebur ya fito, in p, lambar da ake dubawa a ga ko sakamakon ya wuce dace kawai, ta yi ƙasa da 0.05 sai murna, in ba ta yi ba sai ka ji ana cewa malam ba yadda za a yi a ɗan gyara? Yawancin ƙannenmu da ke cewa suna son bayostatistiks, wato ilimin ƙididdiga a fannin lafiya, abin da suka ɗauka aikin ke nan, kuma wanda ya tafi mastas da wannan tunanin simesta ɗin farko ma ta ishe shi ya gane ba haka ba ne.

Mai bayostatistiks na gaske tun kafin a ɗebi jinin mutum ɗaya ake kiransa. Ɗauki rigakafin maleriya na R21 da aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. Kafin a kai nan sai da aka gwada shi a kan yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya. To wa ya ce 4,800 ba 500 ba? Wa ya tsara ƙuri'ar da ta raba yaran gida biyu, yadda likita ba zai tsince masu ƙoshin lafiya ya tara su gefe guda ba? Yaron da iyayensa suka bar garin ana tsakiyar gwaji, ya za a yi da lissafinsa? Wannan shi ne aikin, kuma rabinsa an gama shi tun ba a ga lamba ko ɗaya ba.

Kafin ka kashe ko sisi a kan fom, gwada kanka da wannan. A ce akwai cutar da mutum 1 cikin 100 ke ɗauke da ita, ga kuma gwajin da ke kama kashi 90 cikin 100 na masu cutar, yana kuma wanke kashi 90 cikin 100 na masu lafiya. An gwada ka an ce kana da ita. Da gaske kana da itan? Kusan kowa zai ce ai kashi 90 ne. Amma jera mutum 1,000: 10 ne masu cutar, gwaji zai kama 9. Sauran 990 lafiyarsu ƙalau, amma gwajin zai yi wa 99 daga cikinsu ƙarya. Mutum 108 ke nan aka tayar wa hankali, 9 ne kawai na gaske, wajen kashi 8 cikin 100. In wannan ya sa ka gyara zama ka ce kai, bari in sake lissafawa, to da alama hanyar taka ce. In kuma gundurar ka ya yi ba laifi ba ne, MPH, mastas ɗin lafiyar al'umma, na nan, karatu ne mai kyau kuma lissafinsa da sauƙi, kawai dai kar ka haɗa su ka ce abu ɗaya ne.

Sai lissafi, nan ne ba na yi wa kowa sassauci. Kalkulas har zuwa wanda ake juya baƙaƙe da yawa lokaci guda, aljabarar matiriks, da furobabiliti. Ba wai don malamai su wahalar da mutane ba ne, rigireshon, wato lissafin alaƙa tsakanin abubuwa, da kake dannawa a SPSS matiriks ne a ƙarƙashinsa, kuma yawancin hanyoyin da ake ƙiyasi da su sai an bi ta kalkulas. Ɗan sashen statistiks ko lissafi ya riga ya yi su duka, matsalarsa ɗaya ce, ya haddace saboda jarrabawa ya zubar a ƙofar hol. In kai ne, ɗauko tsofaffin littattafanka na aji biyu da aji uku ka sake warware tambayoyin da biro da takarda, ba karantawa kawai ba. Likita da nas da ɗan likitan dabbobi da ɗan maikurobayoloji kuwa kuna da abin da ɗan lissafi bai da shi, kun san cuta kun san yadda asibiti ke tafiya, amma hakan ba zai tsallakar da ku wannan ramin ba. PGD, wato difloma ta gaba da digiri, a statistiks ita ce hanyar da ta fi tsafta, haka ma ga mai HND, domin tana barin shaida a takarda. Kafin nan laccocin Gilbert Strang na MIT a kan matiriks da na Joe Blitzstein na Harvard a kan furobabiliti suna nan kyauta a YouTube, ka sauke su lokacin da data ke araha da daddare. Mai burin PhD a Amurka ya ƙara da kwas ɗin analisis na 'yan lissafi, wanda sai an kawo hujjar kowane abu, suna dubawa sosai.

In har yanzu kana makaranta to ka riƙe CGPA ɗinka da hannu biyu. 2:1 daga 3.50 take farawa, kuma ita ce ƙofar yawancin tallafin karatu na waje. Na Commonwealth misali 2:1 suke nema, mai 2:2 sai in ya haɗa da mastas. Saboda haka mai 2:2 bai mutu ba, hanyarsa ce ta ƙara tsawo, ya yi mastas a gida da sakamako mai kyau sannan ya nemi na gaba.

Yanzu kwamfuta. Koyi R, manhajar ƙididdiga da ake rubuta wa kod, shi ke nan shawarata, kar ka tara manhajoji huɗu lokaci guda. Kyauta ne, Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙiro shi a Jami'ar Auckland, ka haɗa shi da RStudio, manhajar da ke sauƙaƙa aiki da shi, laftof na hannu mai RAM giga 8 ya isa, kuma da zarar ka sauke abubuwan da kake buƙata ba ya neman intanet, wanda duk mai zama a Samaru ko Zango ya san amfanin haka. Dalilin da ya sa rubuta kod ya fi dannawa shi ne, ranar da sufabaiza zai ce cire duk wanda bai kai shekara 15 ba ka sake komai, mai dannawa zai kwana uku yana ƙoƙarin tuna abin da ya danna, kai kuwa layi ɗaya za ka canza ka sake kunnawa. Stata, wata manhajar ƙididdigar, na da farin jini wurin masu binciken annoba da ƙungiyoyi amma na kuɗi ne, wanda ya iya R cikin 'yan makonni zai kama shi. SAS na kamfanonin magani ne, zan zo kansa.

To ka koyi R ɗin, da me za ka yi aiki? Nan ne nake so ka fi daɗewa, domin abin da ke bambanta mai neman gurbi da sauran ɗaruruwan da ke da irin takardarsa shi ne aiki ɗaya na gaske da ya yi da hannunsa tun daga farko har ƙarshe.

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa, NDHS, ana yin sa lokaci zuwa lokaci tun 1990, Hukumar Ƙidaya ce kuma ke gudanar da shi tun 1999. Na 2018 an yi hira da mata 41,821 'yan shekara 15 zuwa 49, a cikinsa ne aka samu cewa yara 132 cikin 1,000 ba sa kaiwa shekara 5, kuma kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne kawai ake yi a asibiti. Ɗanyen bayanan ana bayarwa kyauta, ka yi rajista a shafin DHS Program ka rubuta 'yan layuka kan abin da za ka yi da su. Aikinka na farko kar ya zama gano sabon abu. Ka ɗauki wannan 39 ɗin ka yi ƙoƙarin fito da ita da kanka. Ba za ta fito daidai ba da farko, kuma a neman dalilin ne za ka koyi abin da aji bai koya maka ba. An zaɓi unguwanni da ƙauyuka 1,400 ne, a kowanne gida 30, kuma ba a bi yawan jama'ar kowace jiha sak ba, jiha mai mutane kaɗan an ɗebo mata fiye da kasonta don a iya faɗin wani abu a kanta. Saboda haka kowace mace a fayil ɗin tana da nauyinta, wato lambar da ke gyara wannan rashin daidaiton, yana cikin gurbin da ake kira v005, sai ka raba shi da 1,000,000 kafin ka yi amfani da shi. Sannan matan unguwa ɗaya suna kama da juna, asibitinsu ɗaya, rijiyarsu ɗaya, ba za ka lissafa su tamkar ba abin da ya haɗa su ba, shi ya sa sai ka gaya wa R lambar unguwa da ke v021 da rukunin da ke v022. Ranar da 39 ta fito a allonka daidai da ta rahoto, ka wuce mutane da yawa masu mastas a hannu, wallahi ba zuzutawa nake ba.

Daga nan sai ka yi taka tambayar, ƙarama, wadda ta shafi inda ka sani. Karatun uwa da kammala rigakafin yaro a Arewa maso Yamma, misali. Za ka ga alaƙa, amma kar ka yi saurin cewa karatun ne ya jawo, matar da ta yi boko sau da yawa ita ce ke birni, ita ce mai ɗan hali, ita ce kusa da asibiti. Irin wannan ne ke sa mutum ya duba rajista ya ga an fi mutuwa a babban asibitin koyarwa fiye da ƙaramin asibitin unguwa ya ce babban ba shi da kyau, alhali duk wanda jikinsa ya yi tsanani can ake tura shi. Raba wannan sarƙaƙiyar shi ne rabin karatun da za ka je yi. Ka rubuta abin da ka samu a shafi huɗu ko biyar, ka ɗora kod ɗin a GitHub, shafin da ake ajiye kod kowa ya gani, ban da ɗanyen bayanan don ba a yarda ka raba su ba.

NDHS kuma an riga an share ta an tsaftace ta. Ka nemi wadda ba a share ba. Rajistar asibiti irin tamu, gurbin shekaru kaɗai ya isa ya sa ka yi tagumi: wani an rubuta 25, wani an rubuta Ad wato babba ne kawai, jariri an rubuta 6/12 ma'ana wata shida, kai kuma kana shigarwa a Excel ya mayar maka da shi kwanan wata ba tare da ya tambaye ka ba. Nauyi babu a rabin layukan, mutum ɗaya ya zo sau uku da rubutun suna iri uku. Yawancin lokacin ma'aikaci a nan yake tafiya, ba a wurin zana jadawali mai kyau ba.

Kuma Zariya ba ta rasa inda za a samu irin wannan aikin ba, mu ne dai ba ma ƙwanƙwasa ƙofa. Likitocin da ke neman zama kwansaltan a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika dole kowannensu ya rubuta bincike kafin ya gama, da yawansu suna neman mai taimaka musu da lissafi. Ga sashen kula da lafiyar al'umma, wanda ta wurinsa ABU ke cikin shirin horar da masu bin diddigin annoba na NFELTP da aka fara a 2008 tare da Ibadan. Ga tsangayar likitan dabbobi, ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI, ga cibiyar binciken noma ta IAR. Kar ka raina na gona, R. A. Fisher a tashar binciken noma ta Rothamsted ya fara aiki a 1919, kuma a kan filayen gwajin amfanin gona ya gina yawancin abin da ake gwada magani da shi yau, lissafin da ke raba irin masara a fulotan Samaru shi ne ke raba marasa lafiya a gwaji. Ka je da ladabi, ka ce Malam ina koyon R, in akwai aikin da zan sa hannu ko ba kuɗi ina so. Amma ka roƙi a sa ka tun farko, ba sai an gama tara takardu ba. Za ka lura kusan kowane furojek mutum 384 ne samfurinsa, saboda an sa 1.96 da 0.5 da 0.05 a fomula ɗaya an kwafa daga na bara. Fomular daidai take in kana ƙiyasin yawan masu wani abu ne a cikin jama'a, amma wanda ke kwatanta magani biyu ba tasa ba ce sam, kuma ranar da ka iya yi wa likita bayanin haka cikin natsuwa ka samu mai rubuta maka wasiƙar shaida. Maganar sa suna a takarda in za a buga, ku yi ta tun kafin a fara aiki, da baki mai daɗi. Mujallun nan da ke karɓar kuɗi su buga cikin sati ɗaya kuma ka guje su, masu tantancewa a waje sun san su, suna rage maka daraja ne.

Abu ɗaya da ba wasa a cikinsa: bayanan marasa lafiya amana ne. Ba a taɓa rajista sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, a cire suna da lambar waya da adireshi, ba a tura fayil a guruf ɗin WhatsApp. Mu nan Arewa mun san abin da gwajin Trovan na 1996 a Kano, lokacin annobar sanƙarau, ya bari a zukatan mutane, har ya shiga cikin dalilan da aka riƙa kawowa lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Akwai kwas na ƙa'idojin gwajin magani, GCP, da ake yi kyauta a intanet cikin 'yan awoyi, yi shi ka ajiye satifiket ɗin.

Ina za a je karatun? A gida, Ibadan ce ta daɗe da sashen annoba da ƙididdigar lafiya a tsangayar lafiyar al'umma. Za ka iya kuma yin mastas a statistiks nan ABU ka karkata bincikenka wajen lafiya, ka samu sufabaiza na biyu daga ɓangaren likitanci, wannan hanya ce mai kyau ga mai iyali ko mai aikin da ba zai iya bari ba. Kusan ko'ina a gida sai da takardar bautar ƙasa. A Afirka akwai haɗakar SSACAB da Jami'ar Wits ta Johannesburg ke jagoranta, an kafa ta musamman don horar da masu bayostatistiks, sai cibiyar ilimin lissafi ta AIMS da aka fara a Afirka ta Kudu a 2003, tana da cibiyoyi a Ghana da Senegal da Kamaru da Ruwanda, mastas ne na lissafi da suke ɗaukar nauyin komai, ga ɗan lissafi tsani ne mai kyau. A Ingila makarantar LSHTM ta Landan na da mastas na shekara ɗaya a wannan fanni, tsada ne da shi ƙwarai in ba tallafi, tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya kuma sai kana da shekara biyu ta aiki. Amurka ce mutane ba su fahimta ba: mastas ɗinsu yawanci kai za ka biya, amma PhD su ke biyan kuɗin makaranta su ba ka alawus kana koyarwa ko taya bincike, kuma ana iya nema kai tsaye da digiri na farko in lissafinka ya yi ƙarfi. Yawancinsu a Disamba suke rufe karɓa don shiga a Agusta ko Satumba mai zuwa. Jarrabawar GRE ta neman shiga karatun gaba da digiri da yawa sun daina nema, duba shafin kowace makaranta kafin ka biya kuɗin jarrabawar.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tiranskirif a jami'o'inmu ba rana ɗaya yake fitowa ba, ka nema da watanni a gaba, fasfo ma haka, wasu makarantun Amurka kuma sai WES, ƙungiyar da ke auna takardun karatun wasu ƙasashe, ta tantance sakamakonka, wannan ma lokaci ne da dala. IELTS ko TOEFL wasu na yafewa in ka kawo takardar cewa da Turanci ka yi digiri, wasu ba sa yafewa, tambaya za ka yi. Masu rubuta maka shaida ka zaɓi wanda ya san aikinka, lakcara ƙarami da ya ga kod ɗinka ya fi farfesan da bai san fuskarka ba, ka ba su wata guda aƙalla, ka haɗa musu da CV da ranar rufewa, ka riƙa tunatarwa cikin girmamawa. A takardar bayanin kai kuma don Allah a bar zancen tun ina yaro nake son lissafi. Faɗi tambayar da ka yi, bayanan da ka yi amfani da su, inda ya ba ka wuya, da abin da ka ga ba za ka iya ba sai ka ƙaro karatu.

Maganar aiki. Da wuya ka ga talla an rubuta ana neman mai bayostatistiks a nan, sunayen da za ka gani su ne jami'in data, manajan data, jami'in M&E, wato mai sa ido da auna tasirin aiki. Masu ɗauka su ne irin hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC, hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa, hukumar ƙididdiga ta ƙasa NBS, Hukumar Ƙidaya, hukumar ƙididdiga ta Jihar Kaduna, sai ƙungiyoyi irin IHVN, AFENET, Malaria Consortium, eHealth Africa da ke Kano, da WHO da UNICEF. Don waɗannan ka iya DHIS2, manhajar da asibitocin gwamnati ke tura rahoton wata-wata da ita, ka kuma iya haɗa fom a KoboToolbox ko ODK, sati biyu sun isa ka fara. Sai dai ka sani aikin ƙungiya kwangila ce mai wa'adi, da Amurka ta tsuke tallafin USAID a 2025 mutane da yawa sun koma gida ba shiri, don haka kar ka tsaya a cika fom ɗin rahoto kaɗai, riƙe lissafinka da kod ɗinka su ne za ka iya ɗauka zuwa wani wuri. Ɓangaren kamfanonin magani da masu gudanar musu da gwaji ya fi kuɗi, wasu ma daga gida ake yi, abin da ya dace da 'yan'uwa mata da yawa da ba sa son yawon jihohi, amma shigarsa sai da SAS da sanin tsarin CDISC da ake jera bayanan gwaji da shi. SAS na da na ɗalibai kyauta ta intanet. Koyarwa a jami'a kuma sai da PhD in ana so a yi nisa.

Shekarar bautar ƙasa ita ce ta fi dacewa da duk wannan shirin, in da hali ka nemi a tura ka ma'aikatar lafiya ko asibiti ko hukumar ƙididdiga, ka manne wa ofishin da ake tara rahoto. Kuma ka koyi bayani da baki. Shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma ba ruwansa da sunan gwajin da ka yi, so yake ya ji a wace gunduma yara suka fi tsallake allura ta uku, kuma ka tabbata ko kuwa hasashe ne.

Wurare da yawa in sun kira ka intabiyu fayil ɗin Excel za su miƙo maka su ba ka awa ɗaya ko biyu. Kafin ka lissafa komai, buɗe kowane gurbi ka duba mafi ƙanƙanta da mafi girma, ka ƙirga layukan da ba a cike ba da waɗanda aka maimaita. Sau da yawa 99 ko 999 na nufin ba a samu amsa ba ne, in ka bar su a cikin shekaru za ka fito da matsakaicin da ba ya yiwuwa. Duk abin da ka cire ko ka gyara ka rubuta shi a gefe da dalilinsa, ka miƙa tare da amsar.